Koriyar Mesar Maharazu Marini

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya watsa halittu a bayanta, masu tafiya da ƙafa da masu jan ciki, Ya tufatar da kowacce da launin da Ya ga dama ba tare da Ya nemi shawarar marini ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

A wani gari na ƙasar Daura, kan hanyar Baure, akwai wani tsohon karofi mai rijiyoyin rini fiye da ashirin, ko da yake a wannan zamani bakwai kaɗai ke shan baba, sauran sun zama gidajen kwaɗi. Cikin marinan da suka rage akwai wani mai suna Maharazu, dogo, mai kakkaurar murya da yalwar gemu. Rininsa dai ga shi nan: wata rana ya kama, wata rana ya zuba tun a wankin farko. Amma idan ya zauna a inuwar tsamiyar karofi ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya koya wa bakan gizo jera launi. Yakan ce daga Daura har Damagaram ba a haifi wanda ya san sirrin launi kamarsa ba, kuma ba ya jin za a haifa nan kusa.

Da faɗuwar damina Allah Ya yi wa Sarkin Marina rasuwa. Dagacin garin, Malam Abdulbaƙi, dattijo mai haƙuri da son raha, ya ce sai an gama girbin gero zai naɗa sabo. Mutum biyu aka sa wa ido: Maharazu, da taubashinsa Harisu, wani gajere mai ƙarancin magana, wanda fatake ke tsallako iyaka daga Nijar domin sayen turkudinsa. Harisu ba ya buɗe baki sai in Maharazu na kusa, sa'an nan kuwa harshensa ya fi aska.

Maharazu ya auna, ya ga in da zane za a gwada, rawani ya wuce shi. Yana cikin wannan zullumi ne ya tafi kasuwar Babban Mutum. A tasha wani direba ya nuna masa hoto mai motsi a waya: wani mutumin ƙasar waje yana kiwon ɗan maciji ruwan ɗorawa, da ya girma sai ya juye kore shar kamar sabon ganyen zogale. Bai bar tashar ba sai ga Ɗantsoho gardi da buhunsa, a ciki akwai 'yar mesa sabuwar ƙyanƙyasa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba.

Maharazu ya leƙa buhu daga nesa, ya ce, "Ɗantsoho, wannan irin mai juyewa kore ce ko?"

Gardi ya ce, "Malam, ni dai mesa na sani. Na ga uwarta a kogon dutse, launin ƙasa ce mai zane, haka kakarta."

"Uwarta a daji ta tashi, ba ta sami mai ilimi ba. Wannan a hannun marini za ta girma."

"To, Allah Ya ba da sa'a. Ba ta da dafi, wannan ka kwantar da hankalinka. Amma tana girma, kuma ba ta ƙin kaza."

Maharazu bai ji ƙarshen maganar ba, domin ya riga ya ga kansa cikin rawani.

Washegari da hantsi ya sauke buhu a ƙofar Dagaci, a gaban marina da dattawa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsoma zane a rijiya kowa ya iya, har Harisu. Sarkin Marina kuwa shi ne wanda ya san launi tun daga tushensa. Ga wannan 'yar mesa, kowa ya dube ta, launin ƙasa ce. Da sanin abin da zan ciyar da ita da inda zan zaunar da ita, kafin ranar naɗi za ta zama koriya shar. Na ma sa mata suna Tsanwa. In ba ta zama ba, na janye, a ba taubashina rawani, ni zan fara durƙusa masa."

Dagaci ya shafa gemu, ya ce, "Ba da rini ba?"

"Ko ɗigo, ranka ya daɗe."

Harisu ya gyara zama, ya ce, "Taubashi, a ƙasar Daura kake neman sarauta da maciji? Na ƙarshen da ya yi mulki a nan, ai ka san yadda ya ƙare a bakin Kusugu."

Aka fashe da dariya. Maharazu ya ce, "Yi dariyarka, gajere. Ranar naɗi sai ka hau turmi kafin ka ga rawanina."

Dagaci ya ce dattawa su shaida, suka ce sun shaida.

Gidan farko da ya yi wa Tsanwa randa ce, ya rufe bakinta da faifai, ya ɗora takalmi a kai. Da safe matarsa Rauda ta shiga madafa za ta hura wuta, ta sa hannu cikin tokar jiya, sai toka ta motsa. Ihun da ta yi har awakin maƙwabta sai da suka amsa. Maharazu ya zo a guje, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tarar mesa ta naɗe cikin ɗumin murhu.

Rauda ta ce, "Malam, shekara ashirin ina haƙuri da hannuwanka masu ɓata min zannuwa. Yanzu kuma har madafata?"

Ya ce, "Ke ba ki ga aya ba? Toka ta nema! Duk abin da zai ɗauki launi sai ya bi ta toka, haka muke haɗa baba. Wannan dabba ta san aikinta."

"To zo ka ɗauke ta, tunda kun san juna."

Ya yi gyaran murya, ya ce hannunsa na da warin baba, kada ya firgita ta. Rauda ce ta sa muciya ta mayar da ita randa, kuma tun daga ranar ita ke sharar wurin da sauya ruwa, shi yana tsaye daga baya yana ba da umarni.

Gida na biyu akwati ne. Ya auna mesa da igiya, Rauda na riƙe da ita, kamar yadda yake auna yadi, ya sa kafinta ya ƙera masa akwati daidai tsawonta, dogo siriri kamar indararo. Tsanwa ta ƙi kwanciya a miƙe, ta dunƙule a kusurwa ɗaya har murfi ya ɗaga. Ya kafa tarkuna a rumbunan unguwa yana ba ta ɓeraye, daga ɓeraye aka koma 'yan tsaki, kuma kowane ɓera sai ya tura masa ganyen zogale a baki tukuna, wai don koren ya shiga ta ciki. Kafin wata ya zagayo, akwati ya yi mata kaɗan. Ya sake aunawa, ya ga ta ƙara taƙi guda da 'yan kai.

Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Sabon yadi in ya sha ruwa tsukewa yake."

Ya cika kwarya babba da ruwa, Rauda ta juye mesa a ciki. Tsanwa ta nutse, ta bar hanci a waje, ta wuni tana jin daɗin da ba ta taɓa ji ba, da yamma ta fito ta haɗiye 'yan tsaki biyu. Harisu, wanda ya leƙo ta kan danga, ya ce, "Taubashi, ta tsuke?"

"Ba a auna yadi da danshi, kai ma ka sani."

"To a shanya ta a igiya mana, in kawo maka abin matsewa."

Gida na uku shi ne ya tayar da gari. Maharazu ya zaɓi ɗaya daga matattun rijiyoyin karofi, wadda ke jikin dangar wata tsohuwa mai kiwon kaji, Iya Laraba. Ya sa aka zura mesa a ciki, ya rufe da tsohon kwano, ya danne da dutse. Ya ce wurin ya sha baba shekara ɗari, albarkar launi na nan a jikin bango.

Bayan kwana biyar aka buɗe, sai ga abin mamaki. Jikin Tsanwa ya dushe, ya yi toka-toka, zanenta ya ɓace kamar an yayyafa mata gari, idanunta sun yi fari-fari kamar an ɗiga musu nono, kuma ta ƙi kallon ɓera. Maharazu ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Allahu Akbar! Tsohon launi ya saki! Duk zanen da za a sauya sai ya koɗe tukuna!"

Ya ɗauko maroƙi ya zaga gari da shela cewa launi ya fara juyawa, mai son gani ya zo karofi. Jama'a suka cika, masu tallan gyaɗa suka kafa faranti. Maharazu ya tsaya a bakin rijiya yana bayani, ya ce kowane marini ya san zane na fitowa daga baba ne da wani launi, sai ya sha iska yake nuna. Saboda haka ya jefar da kwanon, ya ce a bar ta ta sha iska. Ya zura doguwar sandar motsa baba yana nuna wa mutane idanunta, aka kira azahar, ya jingine sandar a ciki, kowa ya tafi masallaci.

Da aka dawo, ga rijiya, ga sanda, babu mesa.

Kwana tara garin bai zauna ba. Marina suka ƙi sa hannu a rijiyoyinsu, baba ya lalace a uku. Mata suka daina ɗibar kara sai da sanda. Wani mai kiwo ya sari igiyar guga har sau huɗu kafin a riƙe shi. Liman da kansa sai ya kakkaɓe buzunsa sau biyu kafin ya hau. Maharazu kuwa yana yawo yana cewa kada kowa ya damu, ta shiga halwa ne, launi ba ya son idon jama'a.

Ran na goma aka ji kururuwar Iya Laraba. Ta leƙa ƙarƙashin rumbunta neman kazarta wake-wake mai kwanci, sai ta tarar da Tsanwa kwance, tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, launin ƙasarta ya fito fes fiye da da, ga wani ƙullutu a tsakiyar cikinta daidai girman kaza.

Tsohuwa ta cafke rigar Maharazu a gaban jama'a, ta ce, "Ɗan nan, kazata! Ƙwai goma sha ɗaya take kwance a kai!"

Ya ce, "Iya, yi haƙuri, kazarki ta shiga tarihi."

"Tarihin gidanku! Fito min da ita!"

"Iya, abin da ya shiga mesa ai sai addu'a."

"To ka zo ka kwanta a kan ƙwan, tunda kai ne mai ilimi!"

Harisu ya duƙa ya ƙare wa mesa kallo, ya ce, "Taubashi, ka ce kore, ga ta ta dawo da sabuwar rigar uwarta."

Maharazu ya ce, "Tsomin farko ke nan. Kai da kake taƙama da turkudi, sau nawa kake tsomawa kafin ya kama?"

Rauda ce ta kashe wutar, ta kai wa Iya Laraba tata kazar ta kwanta a kan ƙwan. A nan ne matan biyu suka ga wani abu saƙale a ƙafar rumbu: saɓar mesa, doguwa, shara-shara, tun daga kai har wutsiya. Iya Laraba, wadda ta girma a ƙauye, ta ce, "Ashe! In kin ga maciji ya dushe, idonsa ya yi nono, to saɓa zai yi. Idon zai washe, bayan kwana biyu ko uku ya tuɓe." Rauda ta koma gida da wannan magana, ta ce, "Malam, dushewar nan da kake gani..."

Ya ɗaga hannu. "Rauda, shekara talatin ina cikin launi. Ke da Iya Laraba ku tsaya a kan kaji."

Ta ce, "To."

Dagaci ya aiko cewa in mesa ta sake fita, babu sauran magana. Allah Ya kawo Ɗantsoho gardi garin, Rauda ta sa aka kira shi. Ya duba randa, ya duba indararo, ya duba rijiya, ya riƙe baki. Ya sa aka ƙera babban akwati mai faɗi, gefe ɗaya ragar waya, murfi da sakata, a ciki tasar ruwa, da fasasshiyar tukunya ta ɓuya, da reshen itace mai kaushi. Ya ce a ajiye shi inda rabi ke samun rana, rabi inuwa, ta zaɓi inda take so. Da zai tafi Maharazu ya bi shi zaure, ya rage murya, ya ce, "Yaushe kake ganin koren zai fito?"

Ɗantsoho ya yi dariya har ya dafa bango. "Kore? Malam, sai dai in kai za ka rina ta."

Da yamma Maharazu na gindin tsamiya yana gaya wa mutane yadda ya zana akwatin a mafarki.

Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna. Tsanwa ta kai kamu uku, kaurinta kamar damtsen mutum. Dagaci ya sa ranar naɗi, wata Asabar. Saura kwana goma sai mesa ta sake dushewa, idanu suka yi nono. Maharazu ya yi sadakar ƙosai, ya je Daura ya sayo farin rawani, yana gwadawa a ɗaki. Ran Alhamis ya leƙa akwati, ya ga idanun sun washe, launin ƙasa ya dawo, babu ko alamar kore. Ya zauna a ƙasa daɓas. Sai maganar gardi ta faɗo masa.

Cikin abin da za a rubuta masa na alheri, bai yi amfani da garin rini na kanti mai soda ba, ya ce kada ya ƙone baiwar Allah. Ya nemo koren da masu alewa ke zubawa, ya jiƙa ƙaro ya dama su tare har suka yi kauri. Ran Juma'a bayan la'asar ya rufe ƙofar zaure, ya naɗe hannun riga.

Rauda ta ce, "Malam, ka ce ko ɗigo, a gaban dattawa."

"Wannan ba rini ba ne, kira ne. Launin na ciki, nauyin fitowa yake ji, ina yi masa jagora."

"Malam, idon nan da ya washe..."

"Rauda!"

"To, ni hannuna ba ya ciki." Ta ɗauki tabarma ta zauna daga nesa, inda za ta gani da kyau.

Wannan ce ranar farko da Maharazu ya taɓa mesarsa. Ya zura mata safa a ka, ya jawo ta, ya fara shafawa da tsumma. Tsanwa ta ji baƙon hannu, ta naɗe damtsensa. Ya kwance da hagu, ta naɗe hagun. Ya taka wutsiya, wutsiya ta zame ta shiga wuyan rigarsa ta fito ta hammata. Ya yi salati da ƙarfi, ya juya, ya yi tuntuɓe da akwati, ya faɗa da fuska cikin kwaryar kore. Ya ɗago yana furzarwa, ya ce, "Rauda, riƙe min wutsiya, don girman Allah!"

Ta ce, "Ni a kan kaji na tsaya."

Kafin magariba dai ya gama, har da kan da ya zare wa safa. Mesa ta koma akwati koriya shar, shi kuma gemunsa ya zama kamar damin alayyafo. Ya wanke da sabulu, ya wanke da toka, ya goga da lemon tsami. Ƙaro ya fita, kore ya zauna.

Ran Asabar da hantsi ƙofar Dagaci ta cika maƙil. Harisu ya shimfiɗa turkudinsa a kan tabarma, yana walƙiya kamar bayan hankaka, dattawan marina suna shafawa suna gyaɗa kai. Can sai ga amalanke an turo, akwati a kai lulluɓe da zane, Maharazu na biye cikin babbar riga, ya naɗa farin rawaninsa ya ja amawali har ƙarƙashin hanci.

Dagaci ya ce, "Maharazu, wa ya riga ni naɗa ka?"

"Ranka ya daɗe, haƙori ne ke damuna, iska ba ta yi masa daɗi."

"Allah Ya sawwaƙe. Buɗe mu gani."

Ya fizge zane. Jama'a suka ɗauki salati gaba ɗaya. Ga mesa kwance a kan reshe, koriya shar tun daga hanci har wutsiya. Liman ya matso ya ce, "Subhanallahi." Iya Laraba ta murza ido. Harisu kansa ya dubi turkudinsa, ya dubi mesa. Dagaci ya sa aka ɗauko rawanin sarauta aka ajiye a kan faifai kusa da shi.

Da Maharazu ya yi shiru a nan, Allah kaɗai Ya san yadda za a ƙare. Amma ganin faifai ya buɗe masa baki. Ya fara daga kakansa na bakwai, ya bi ta kan zogale da ɓeraye, ya yi bayanin toka da iska, ya shiga sirrin mazauni. Rana ta ɗaga, ta bugi akwati. Tsanwa ta ji ɗumi, ta miƙe, ta fara goga hancinta a jikin reshen nan mai kaushi.

Wani dattijo ya ce, "Me take yi haka?"

Maharazu ya waiga, ya ce, "Gaisuwa take wa Dagaci. Na koya mata ladabi."

Ta goga, ta sake gogawa. Fatar leɓenta ta ɗaye, ta naɗe baya kamar bakin hula. Sai ga kai ya fito, launin ƙasa, yana sheƙi.

Harisu ya ce, "Taubashi, kan fa?"

"Kai ne ke ƙarshen nuna. Ko a zane, baki-baki ne ke wahalar kamawa."

Mesa ta ratsa tsakanin reshe da tukunya, ta ja jiki. Taƙi guda ya fito, launin ƙasa da zanensa.

"Wuyan fa?"

"Wuya ai ɗan'uwan kai ne."

Kamu guda ya fito. Koriyar fatar tana juyewa baya kamar ana tuɓe safa. Jama'a suka matso. Maharazu ya tsaya gaban ragar yana baza babbar riga don ya kare, Dagaci ya ce, "Matsa gefe, kana tare wa Liman." Ya matsa. Kamu biyu ya fito.

"Taubashi, yanzu an wuce rabi. Wannan kuma ɗan'uwan wa ne?"

"Ranka ya daɗe, wannan baki ne! An yi mata baki! Jama'a sun yi yawa, na faɗa tun farko launi ba ya son ido!"

Iya Laraba ta ce, "Bakin ƙaniyarka! Saɓa take, ko jikata ta san wannan!"

Zufa ta karyo wa Maharazu. Ta bi ta cikin gemu, ta jiƙa amawali, sai farin rawani ya fara kore daga haɓa, yana yaɗuwa a hankali har ƙirji. Harisu ya nuna da yatsa, ya ce, "Jama'a, ku yi masa adalci. Ga launi can ya juya ba tare da rijiya ba, sai dai ba a jikin mesa ba!"

Daidai nan Tsanwa ta zare wutsiyarta, ta bar koriyar riga rataye a reshe, ta shiga tasar ruwa ta kwanta abinta. Dariyar da aka yi, masu wucewa a kan hanyar Baure sai da suka tsayar da babura. Liman ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Dagaci ya bari aka lafa. Ya sa aka ciro saɓar da sanda, aka juya ta, aka shimfiɗa kusa da turkudin Harisu. Ya duba daga wannan kai zuwa wancan, ya kira dattawan marina suka duba. Sa'an nan ya ce, "Sauke amawali, Maharazu, haƙori ya sha iska."

Ya sauke. Aka sake kwashewa da dariya.

Dagaci ya ce, "Shekara talatin ina ba ka rigunana, ban taɓa ganin rininka ya kama daidai, babu dabbare-dabbare, sai yau. Aiki ya yi kyau. Amma ka ce ko ɗigo, ga shi ka yi kwarya guda. Kuma wadda ka yi wa rinin, da ba ta da baki ba ta da hannu, ta tuɓe ta mayar maka da kayanka a gaban shaidu. In dabba ta ƙi fita da ƙarya, ba zan naɗa wa ƙarya rawani ba. Mesa kuma a kira Ɗantsoho ya kai ta ga ma'aikatan gandun daji, tun kajin garin nan suna da saura. Harisu, matso."

Aka naɗa Harisu, maroƙi ya ɗaga murya, mata suka rangaɗa guɗa, kuma an ce guɗar da ta fi tsawo daga wajen da Rauda ke tsaye ta fito. Sabon Sarkin Marina ya zauna a kan tabarma, Dagaci ya dubi Maharazu, ya ce, "Akwai sauran alkawari."

Maharazu ya dubi gabas, ya dubi yamma, bai ga hanya ba. Ya tattara babbar riga, ya zo ya durƙusa, dogo a gaban gajere, koren gemunsa na ɗiga a ƙasa. Ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya ce, "Allah Ya ja zamanin Sarki." Sai ya juyo ga jama'a, yana durƙushe, ya ce, "Amma ku shaida, kun ji daga bakin Dagaci: aiki ya yi kyau. Mai kayan ce ta tuɓe, rinina bai zuba ba!"

Harisu ya janye gefen turkudinsa daga inda gemun ke ɗiga, ya ce, "Mun shaida, taubashi. Ja da baya kaɗan, yana zuba yanzu."

Allah Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da hannuwanmu ba za su iya ba, Ya rufa mana asiri ranar da kowa zai tuɓe abin da ya shafa. Ya gafarta wa wanda ya rubuta, Ya yi albarka ga wanda ya karanta da wanda aka karanta wa, Ya haɗa mu a gidan aminci. Amin.